Wayar da za ta yi shiru da kanta in an shiga masallaci, zan iya yi mata rajistar mallaka?

Ɗalibin_Lantarki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema musamman daga lauyoyi da injiniyoyin cikinmu. Ni ɗalibi ne ina aji huɗu a fannin lantarki, to akwai abin da ya daɗe yana ci mun tuwo a ƙwarya wato ƙarar waya a masallaci. Juma'ar da ta wuce liman na tsakiyar karatu a raka'a ta biyu wayar wani bawan Allah ta ɗau kiɗa, kiɗa fa sosai irin na gidan biki, shi kuma kunya ta hana shi sa hannu a aljihu har ta katse aka sake kira. Shi ne na zauna na haɗa wata 'yar na'ura da bata wuce akwatin ashana ba, a liƙa ta a bakin ƙofa da jikin ginshiƙai tana watsa siginar Bluetooth, duk wayar da ta matso ta ji ta sai ta koma sailen da kanta, in mutum ya fita ta dawo da ƙara. Na gwada a wayata da ta abokina kuma ya yi aiki. Tambayata, zan iya yi mata takardar mallakar ƙirƙira, abin nan da ake cewa fatent, don kar wani kamfani ya sace mun? Kuma in na yi a Najeriya ya isar mun duk duniya?

Abu_Ammar:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi albarka ƙanina, wallahi in wannan abu ya tabbata ladanai sun huta da "jama'a a kashe wayoyi" sau biyar a rana.

Baristan_Zazzau:
Ƙanina sannu da ƙoƙari. Bari in fara da amsa ta biyu don ita ce mai sauƙi: a'a. Babu wata takarda guda da ke kare ƙirƙira a duk duniya, kowace ƙasa da tata. In ka yi rajista a Abuja to Najeriya kaɗai ta shafa, wani a Shenzhen zai iya ƙera irinta ya sayar a Indiya ko Masar ba ka da ta cewa, abin da kawai za ka iya shi ne ka hana a shigo da ita nan ko a sayar a nan. Dokar da muke aiki da ita ta 1970 ce, ofishin rajistar yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, kariyar shekara 20 ce daga ranar da ka shigar da takarda, kuma duk shekara akwai kuɗin da ake biya, in ka daina biya ta mutu bayan an ɗaga maka ƙafa na wata 6. Sharuɗɗa uku ne, abin ya zama sabo, ya zama akwai hikima a ciki wadda ba kowane ma'abocin fannin zai hango ba, sannan a iya ƙera shi a yi amfani da shi. To a kan na farkon nan ne nake jiye maka, don ka riga ka zo zaure mai ɗaruruwan mutane ka bayyana. A dokarmu duk abin da ya fita bainar jama'a kafin ranar shigar da takarda, a rubuce ko da baki, a ko'ina ne a duniya, ya tashi daga sabo. Kar ka ƙara faɗin yadda cikinta yake.

Ɗalibin_Lantarki:
Innalillahi. Barista wato ni da kaina na yi wa kaina? In goge rubutun?

Kanawan_Dabo:
Ka goge me, ai mu mun riga mun ɗau sikirinshot hhhh

Baristan_Zazzau:
Kwantar da hankalinka, ba ka faɗi komai mai zurfi ba tukuna. Kuma gaskiyar magana abin da ka faɗa ɗin ma ba kai ka fara faɗa ba, injiniyoyi za su fi ni bayani.

Inj_Mai_Sigina:
Ɗalibi kar ka ji haushina amma tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Wannan tunani na waya ta gane inda take ta canza halinta tsoho ne ƙwarai. A 2012 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba Apple takarda a kan tsarin da wuri zai iya tilasta wa wayar da ta shigo cikinsa wasu dokoki, kamar ta rage haske ko ta yi shiru a silima ko ajin karatu, tun 2008 suka shigar da ita. A 2016 kuma aka sake ba su wata ta hana kyamara ɗauka in ta ga wani haske na infared da aka ɗora a dandalin wasa. A 2013 suka fito da iBeacon wanda kusan shi ne abin da ka haɗa, ƙaramar na'ura mai batirin agogo tana ta maimaita lambarta ta Bluetooth, waya ta ji ta auna ƙarfin siginar ta ƙiyasta nisa. A ɓangaren Android ma tun 2008 akwai manhaja mai suna Locale da ɗaliban MIT suka yi tana kashe ƙarar waya gwargwadon inda kake. Ka shiga Google Patents kyauta ne, ka yi bincike da kanka za ka sha mamaki, shafi bayan shafi. Abin da za a iya ba ka kariya a kai ba "waya ta yi shiru a masallaci" ba ne, sai dai wata dabara takamaimai da ka warware wata matsala da ita wadda su ba su warware ba.

Ummu_Hanan:
To ni abin da ban gane ba, in Apple suna da wannan tun 2012 me ya sa har yau iPhone take ƙara a masallaci? Ta maigidana ma ta fi ta kowa ƙara.

Inj_Mai_Sigina:
Hajiya ai mallakar takarda daban, ƙera abu daban. Manyan kamfanonin nan dubban takardu suke shigarwa duk shekara, da yawa ajiyewa kawai ake yi kamar makami, in an kai ka kotu kai ma ka zaro naka. Kuma ki duba, wa zai sayi wayar da wani daga waje zai iya kashe mata kyamara ko ƙara ba da izininsa ba? Lokacin da labarin ya fita surutu aka yi ta yi cewa gwamnatoci za su yi amfani da shi su hana ɗaukar hoton zanga-zanga.

MaiGyara_FarmCentre:
Ni dai ba boko na yi mai zurfi ba amma shekarata goma sha ina buɗe waya. Duk wannan magana ta kusanci akwai wadda ke aljihun kowa bai ma san da ita ba, ita ce 'yar sensar da ke sama kusa da sifikar kunne. In ka kara waya a kunne sai sikirin ya mutu, in ka janye ya kawo, to ita ce. Wani ɗan ƙwai ne yake harba hasken da ido baya gani, in ya daki kuncinka ya dawo sai ta san akwai abu kusa. Wallahi a sati sai a kawo mun waya biyar shida da ƙorafin wai tana sa mutum a hol ko tana kashe kira da kanta ko tana buɗe sifika a cikin mutane, in na duba rabi ba komai ba ne illa sikirin gad mai baƙin gefe da aka liƙa ya rufe ramin, ko kuma an canza sikirin an manta ɗan robar da ke zagaye da sensar, ko datti da zufa. Wani ma aljani yake zargi.

Gwaggon_Yara:
Allah ya saka da alheri Malam mai gyara!! Ashe abin da ke damuna kenan. Rannan ina waya da surukata kunnena ya danna miyut ina ta zuba bayani kusan minti biyu ita kuma tana halo halo, ƙarshe ta kashe ta kira ɗanta wai na raina ta na yi mata shiru. Har yau maganar bata gama mutuwa ba.

MaiGyara_FarmCentre:
Gwaggo ki cire gilashin da aka liƙa ki gwada kira, in ya daina to shi ne. In bai daina ba ki kai wa mai gyara na kusa da ke, ba aikin kuɗi da yawa ba ne.

Tarihi_Madubi:
Tunda mai gyara ya taɓo sensar kunne bari in ba ɗalibi labarin da zai amfane shi, don a kan wannan 'yar sensar an yi shari'a ta shekaru. Ranar 9 ga Janairu 2007 da Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko ya lissafa sensar kusanci cikin abubuwan burgewa, ya kuma ce sun shigar da takardun mallaka sama da 200 a kan wayar. To ashe Motorola na da tata takardar da ta shigar tun 1999 a kan sensar da ke hana waya karɓar taɓawa in tana kusa da fuskar mai ita. A 2010 Motorola ta kai ƙarar Apple gaban hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka, wadda ke da ikon hana shigo da kaya ƙasar, kuma kun san a lokacin iPhone a China ake haɗa ta, wato da sun ci da an tare ta a tashar ruwa. Ana cikin haka Google ta saye ɓangaren wayoyin Motorola a kan dala biliyan 12.5, kuma kowa ya san tarin takardun mallakar ne babban abin da ta hango. A Afrilun 2013 hukumar ta ce takardar sensar bata da inganci domin abin da ke ciki duk mai ilimin fannin zai iya hango shi daga abubuwan da suka gabata. Shekara ɗaya bayan nan Google ta sayar wa Lenovo kamfanin a kan dala biliyan 2.91 amma ta riƙe mafi yawan takardun. Ka duba fa, Motorola ce, kamfanin da injiniyansa Martin Cooper ya yi kiran farko da wayar hannu a 1973, an ba su takarda a Amurka inda ake tantancewa sosai, amma da aka je gaban alƙalai ta rushe.

Baristan_Zazzau:
Malam Tarihi ya kawo inda nake son zuwa. A Amurka akwai masu tantancewa da ke zama su binciki ko abu sabo ne kafin a bayar, duk da haka ga yadda ta kaya. Mu a nan doka bata ɗora wa magatakarda wannan binciken ba, takardu kawai yake dubawa ko sun cika an biya kuɗi, sai a ba ka satifiket a kan alhakinka. Ma'ana ɗalibi zai iya samun takardar cikin sauƙi ya rataya a falo, amma ranar da ya kai wani ƙara Babbar Kotun Tarayya lauyan wancan zai ɗauko takardun Apple da na su Nokia ya ce Mai Shari'a wannan abu ba sabo ba ne a soke, kuma za a iya sokewa.

Sarkin_Shakka:
To in haka ne meye amfaninta? Kuɗin rajista, kuɗin lauya, kuɗin shekara-shekara, sannan in an sace ka nemo kuɗin shari'a. Apple da Samsung tun 2011 suke kotu, a 2012 aka ce Samsung ta biya sama da dala biliyan ɗaya, aka yi ta ɗaukaka ƙara ana ragewa ana ƙarawa sai 2018 suka sasanta. Shekara bakwai. Ɗalibin da ke jiran alawus daga gida ina zai iya. Ni shawarata ka manta da wata fatent ka ƙera ka sayar kafin 'yan China su farga.

Baristan_Zazzau:
Ban yarda a ce bata da amfani kwata-kwata ba. In za ka je gaban mai zuba jari ko gasar ƙirƙira tana ƙara maka nauyi, kuma ranar da ka shigar tana da daraja don a dokarmu wanda ya riga shigarwa shi ne mai abu, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Daga ranar kana da wata 12 ka shigar a wasu ƙasashe su lissafa maka da ranar farko, ko ka bi ta tsarin PCT, wato shigar da takarda guda ta ƙasa da ƙasa, na WIPO hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Geneva, wanda Najeriya ta shiga a 2005, shi yana ba ka kusan wata 30 kafin ka zaɓi ƙasashen. Sannan akwai NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da harkar fasaha, a Abuja suna taimaka wa masu bincike da 'yan jami'a wajen shigar da takardu, jami'o'i da yawa ma suna da ofishin da ke wannan aikin. Af, ka duba dokar makarantarku ma, in da kayan ɗakin gwajinsu ka yi ko furojet ɗinka ne na kammalawa suna iya cewa suna da haƙƙi a ciki.

Ɗan_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar abin ya ɗan bambanta, brevet muka ce mishi da Faransanci. Ba ƙasa ɗaya-ɗaya muka yi ba, akwai hukuma guda OAPI da ke Yawunde, ƙasa 17 ne ciki ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977, in ka aje takarda guda ta kama Nijar da Cadi da Kamaru da Benin da Senegal da sauransu gaba ɗai. To wanga yaro in da gaske shi kai, kasuwar masallatai ai ba Kano ta tsaya ba, shi tuna da mu.

Zango_Kumasi:
Mu kuma Gana muna cikin wata hukumar irin wannan ne, ARIPO ta Harare, tare da Sudan da Kenya da wasu. Najeriya ce dai bata cikin ko ɗaya, babban yaya mai tafiya shi kaɗai.

Almajirin_Malam:
Ni tambayata ta addini ce. Abu ne na gyaran sallah, ya halatta mutum ya killace shi ya ce ba mai yi sai an biya shi? Ai ilimi ba a ɓoye shi.

Abu_Ammar:
Malam Almajiri, majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, shari'a ta kare su, bai halatta a keta ba. Akwai malaman da suka saɓa amma wannan shi ne matsayin majalisar. Kuma ai lasifika da agogon lokutan sallah da kafet duk saye muke yi, ba wanda ya ce mai shago ya yi haramun.

Inj_Mai_Sigina:
Ƙari a kan haka, fatent ba ɓoye ilimi ba ce, kishiyar haka ce ma. Sharaɗin ba ka ita shi ne ka rubuta yadda abin yake aiki dalla-dalla har wani ma'abocin fannin ya iya haɗawa, a yawancin ƙasashe bayan wata 18 ake wallafawa kowa ya karanta, bayan shekara 20 kuma ta zama ta kowa. Ita waccan ta Motorola ko da ba a soke ta ba ai da yanzu ta daɗe da ƙarewa.

Almajirin_Malam:
Na gamsu da rabin maganar. Amma ni da shi ne sadaka zan yi da ita.

Kanawan_Dabo:
Sadaka da abin wani akwai daɗi Malam

Hajiya_Fasaha:
Ku bar batun takarda tukuna, ni ina ganin na'urar ce ma ke da aiki a gaba. Na farko, waya bata yin shiru don ta ji siginar wani, sai in mai ita ya sauke manhajarka ya ba ta izinin taɓa ƙara ya kuma bar Bluetooth a kunne. To mutumin da zai yi duk wannan ai shi ne dama mai kashe wayarsa a bakin ƙofa. Baban da wayarsa ke ƙara a sahun gaba 'yar rakani-kashi ce mai madannai, bata san wata manhaja ba. Na biyu iPhone bata barin manhajar waje ta juya maɓallin sailen, sai dai mai wayar ya shirya da kansa ta saitin iPhone ɗin, wato Shortcuts ko Focus. Na uku, Bluetooth a kan 2.4 GHz yake aiki kuma jikin mutum yawanci ruwa ne yana shanye siginar, abin da ka auna a masallaci ba kowa ba shi za ka samu ba in an cika ranar Juma'a waya tana aljihun gaba an yi sujada a kanta. Sannan siginar bata san bango ba. Ka ɗauki masallatan cikin Kwari ko Sabon Gari da shago ke manne da bangon masallaci, sai ka sa wayar mai shago a sailen kwastoma na ta kira daga Agadas, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sahun Juma'a kuma da ke fita har titi fa?

Ɗalibin_Lantarki:
Hajiya wallahi batun bangon nan ya dame ni nima, kuma a nan ne nake ganin na samo wata dabara, ba da ƙarfin sigina kaɗai nake aunawa ba, ina haɗawa da

Baristan_Zazzau:
KAI! Yi shiru. Me na ce maka ɗazu?

Ɗalibin_Lantarki:
Tuba nake Barista hhh na ja bakina.

Inj_Mai_Sigina:
To in akwai abin da za a yi wa rajista wannan da ya haɗiye ne, ba wancan na farko ba. Misali nan kusa, sensar kunne da mai gyara ya yi bayani tsohuwa ce kowa na yi, amma wani kamfani a Norway mai suna Elliptic Labs ya zo ya ce a cire ta gaba ɗaya, sifikar waya ta fitar da sautin da kunne baya ji makirfo ya saurari dawowarsa kamar yadda jemage ke yi, Xiaomi ta sa a Mi Mix a 2016 don sikirin ya cinye gaban wayar duka. Matsala ɗaya, hanya daban, kuma da lasisin wannan hanyar suke cin abinci. Maganar bango kuma, manyan kamfanoni sun koma wata irin sigina mai suna UWB ne saboda ita lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo take aunawa ba ƙarfinta ba, shi ya sa take gane nisa har zuwa 'yan santimita. Apple ta sa ta a iPhone 11 a 2019, ita ce ke nuna maka kibiya in kana neman AirTag, 'yar na'urar Apple da ake maƙala wa kaya don a gano inda suke. Sai dai wayoyin da mutanenmu suka fi riƙewa ba su da ita.

Ummu_Hanan:
AirTag ɗin nan ni tsoro yake ban. Ance ana jefa wa mata a jaka ko a manna a mota a bi su har gida.

Hajiya_Fasaha:
An yi haka a ƙasashen waje sosai bayan fitowarsa a 2021 har aka kai ƙara kotu a Amurka. Shi ya sa Apple da Google suka haɗa kai, daga 2024 ko Android ce ko iPhone tana iya gargaɗinki in wata na'urar bibiya da ba taki ba tana tafiya tare da ke. Kuma wannan ya shafi ɗalibi, duk manhajar da ta san ka shiga masallaci ta san wane masallaci kake zuwa da ƙarfe nawa da ranar da ka makara asuba. A ƙasar nan da ake kallon mutum da masallacin da yake sallah, ka tabbata bayanan nan ba sa barin cikin wayar.

Sarkin_Shakka:
Ko kuma iyaye su saya su riƙa duba wa ya je asuba. Ka ga kasuwa.

Tarihi_Madubi:
Wani abin dariya, a Japan a 1998 an yi wata 'yar na'ura Lovegety, akwai ta maza akwai ta mata, in ka zo kamar mita biyar kusa da mai irinta sai ta yi ƙara ta kawo wuta. Tun kafin wayoyi su san wani kusanci. Amma abin lura na gaske shi ne Bluetooth ɗin da ɗalibi ya dogara a kai. Jaap Haartsen ɗan Holan ne ya jagoranci ƙirƙiro shi a kamfanin Ericsson a Suwidin daga 1994, da Ericsson ta rungume ta ce nata ne ita kaɗai da ƙila ya mutu a can. Sai a 1998 suka haɗu da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiya, duk wanda ya shiga yana amfani da takardun sauran ba tare da biyan kuɗin mallaka ba. Shi ya sa yau har 'yar rediyon mai shayi tana da bulutut. NFC ma haka, Sony da Philips suka haɗa kai a 2002 sannan suka kafa ƙungiya da Nokia a 2004.

MaiPOS_Hotoro:
NFC ita ce ta kara kati a jikin na'ura ba tare da an zura ba ko? CBN ta sa mata iyaka a 2023, naira 15,000 a ciniki ɗaya 50,000 a rana, in ya wuce sai an sa lamba. Amma kwastomomina ba sa yarda, sai su ce kar a zare musu kuɗi daga aljihu a cikin Keke.

Hajiya_Fasaha:
Santimita huɗu ne fa nisanta, sai an manna. Amma ka kawo shawara ba ka sani ba, a liƙa sitikar NFC a wajen ajiye takalma, mai shiga ya kara wayarsa ta yi shiru in zai fita ya sake karawa. Ba batir ba matsalar bango, sitikar ma arha ce.

Sarkin_Shakka:
Wanda ya manta danna maɓalli shi zai tuna kara waya?

Baba_Ladan:
Yaro Allah ya yi maka albarka, jikana ne ya karanta mun yake rubuta mun. Shekara ashirin da wani abu ina kiran sallah. Mun manna takarda, mun yi sanarwa, wani attajiri ya taɓa kawo mana na'urar toshe sabis muka sa, sati biyu maƙwabta suka zo da ƙorafi har da mai matar da ke naƙuda ya kasa kiran mota, muka cire. In taka bata taɓa maƙwabta ka kawo mu gwada, amma kar ta wuce kuɗin da kwamiti zai iya, man janareta ma da kyar muke haɗawa.

Ɗalibin_Lantarki:
Amin Baba na gode. Tawa bata toshe sabis, kira zai shigo ƙara ce kawai ba za ta yi ba. Jiya da la'asar na gwada a ƙaramin masallacin hostel da wayoyin abokai tara, shida sun yi shiru, biyu wayar ta kashe manhajar a bayan fage don tattalin batir, ɗaya kuma bata yi shiru ba sai da muka idar muka fito sannan ta yi, mai ita ya rasa kiran mamansa har uku. Barista in na shigar da takardar yanzu sannan na gyara waɗannan daga baya, gyaran yana ciki ko sabuwa zan sake?

Baristan_Zazzau:
Abin da ka rubuta ranar shigarwa shi aka kare, sabon abu sabuwar takarda. Shi ya sa ba a gaggawa kuma ba a jinkiri. Su abokan naka tara ka sa su sa hannu a takardar riƙe sirri?

Ɗalibin_Lantarki:
Barista abokaina ne fa, ɗaki ɗaya muke kwana.

Kanawan_Dabo:
Hhhhh shikenan an gama

MaiGyara_FarmCentre:
Batun kashe manhaja a baya ka shiga saitin batir ka cire ta daga jerin waɗanda ake kashewa, kowane kamfani da inda yake ɓoye nasa. In ka shigo kasuwa ka zo da na'urar taka in gani, akwai wayoyi kala-kala a shago da masu su ba su zo karɓa ba sai mu gwada a kansu.

Ɗan_Maradi:
To in ta yi, nawa za ka saida guda? Ka faɗa muna da sefa.